Kafin Hadari Ya Zama Haɗari: Kira Ga Magidantan Kankiya Da Kusada

A harshen Hausa akwai wasu kalmomi biyu da babu abin da ya raba su a rubuce sai 'yar lanƙwasar da ake yi wa harafi guda, wato hadari da haɗari. Ta farko tana nufin gizagizan da ke haɗuwa su yi baƙi ƙirin a gabas, waɗanda manomi ke ɗaga kai ya dube su cike da murna. Ta biyu kuwa, wadda muka aro daga Larabci, tana nufin duk abin da ke barazana ga rai ko dukiya. Duk wanda ya taɓa koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa ya san yadda ɗalibai ke rikita su. To amma a garuruwanmu na Kankiya da Kusada, da ƙauyukan da ke kewaye da su, rikicewar ta wuce kan takarda, domin kuwa kusan kowace shekara, daga watan Mayu zuwa Satumba, akan sami gidajen da hadari ke zame wa haɗari cikin abin da bai kai rabin awa ba. Iska ta yaye kwano ta jefa shi bayan gari, katanga ta faɗa wa awaki, ruwa ya shiga ɗaki ya jiƙa hatsi da tufafi da takardun makarantar yara, wani lokaci ma, Allah Ya kiyaye, har da asarar rai.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. 'Yan'uwa da abokan arziki su zo jaje, a kafa kwamitin tantance ɓarna, a rubuta sunaye, bayan makonni ko watanni a kawo buhunan hatsi da tabarmi da 'yan bandir na kwano a raba, wanda ya samu ya gode, wanda bai samu ba ya yi haƙuri. Ba na raina wannan taimako, don kuwa mai buƙata ya san amfanin ko da tabarma ɗaya ce. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da ihu bayan hari ya zama shi ne kaɗai shirinmu na damina. A ganina aiki biyu ne ya rataya a wuyan kowane magidanci kafin ruwan farko ya sauka: ya gyara gidansa yadda zai iya jure iska da ruwa, sannan ya yi tanadin inda kuɗin gyara zai fito idan ƙaddara ta riga fata. Na farko iyayenmu sun san shi sarai, mu ne muka yi sakaci da shi. Na biyu kuwa, wato batun inshora, mun daɗe muna kallonsa a matsayin abin da bai shafe mu ba.

Bari mu fara da ita kanta iskar. A ƙarshen bazara, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi iyakar ɗauka, iska mai laima takan taso daga kudu maso yamma, daga wajen teku, ta haɗu da busasshiyar iskar Sahara. Daga wannan haɗuwa ne ake samun jerin hadura da ke tafiya a sahu daga gabas zuwa yamma, shi ya sa Bahaushe ya san cewa ruwan kirki daga gabas yake tasowa. A gaban irin wannan hadari akwai wata iska mai sanyi da ke faɗowa daga sama ta bugi ƙasa ta bazu, ita ce ke tayar da jar ƙurar nan da ke riga ruwa isowa, kuma gudunta kan kusanci kilomita 100 a awa ɗaya, wani lokaci ma ya zarce. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, irin waɗannan hadura da ke ratsa sararin Kankiya su nufi Sakkwato da Yamai da Bamako, idan suka fita ta gaɓar Senegal suka hau Tekun Atlantika, wasunsu ne ke rikiɗa su zama mahaukaciyar guguwar da ke addabar Amurka da tsibiran Karibiyan. Masana yanayi sun kiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin wannan teku daga Afirka suke samo asali. Ashe ke nan abin da muke kallo a talabijin jikan abin da ya bi ta kan rufinmu ne.

Bambancinmu da su yana wajen shiri. A can an yanke wa wannan lokaci ranakunsa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kafin ya kama jaridu da gidajen rediyo sukan yi ta tunatar da magidanta su duba rufi, su sare rassan da suka yi nauyi, su ɗauko takardar inshorarsu su sake karantawa. Su ma ba da wannan wayo aka haife su ba, wuya ce ta koya musu. A watan Agustan 1992 guguwar Andrew, wadda ita ma daga gaɓar Afirka ta taso, ta ragargaza dubban gidaje a kudancin Jihar Florida, kuma bincike ya nuna cewa yawancin rufin da ya tashi ba a ɗaure shi da kyau a jikin gini ba. Kamfanonin inshora da dama suka durƙushe saboda yawan diyya. Daga nan ne jihar ta tsaurara dokar gini, ta wajabta ɗaure rufi da ƙarfe tun daga katako har bango. A 2005 kuma, bayan guguwar Katrina ta hallaka fiye da mutum 1,300, dubban magidanta suka tarar da cewa inshorar gidajensu ta ɗauki nauyin ɓarnar iska amma ba ta ɗauki ta ambaliya ba, aka yi shekaru ana shari'a a kan wanne ya fara rusa gida, iska ko ruwa. Zan dawo kan wannan darasi, domin ya shafe mu kai tsaye.

Idan wani ya ce Amurka ta yi nisa, to ga na kusa. A tsakiyar watan Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya ci rayukan mutum fiye da 40 a Jibiya, a nan cikin Jihar Katsina, ya kuma rusa ɗaruruwan gidaje. Wata guda kafin nan, a watan Yuni, iska ta yi wa birnin Bauchi mummunar ɓarna tare da asarar rayuka. Ambaliyar 2012 ta hallaka mutum 363 a faɗin ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallansu. Ta 2022 ta ci fiye da mutum 600. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, a ƙarshen Mayun 2025 kuma Mokwa ta yi asarar fiye da mutum 150. Gaskiya ne Kankiya da Kusada ba a bakin wani babban kogi suke ba, kuma ruwan da muke samu a shekara galibi tsakanin milimita 600 ne zuwa 800. Sai dai wannan ruwa ba a hankali yake zuwa ba, kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka, kuma kason mako biyu yana iya zuba a dare ɗaya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassararsa cikin Hausa, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. Abin tambaya a nan shi ne, magidanta nawa ne a Rimaye ko Kafin Soli ko Yashe wannan hasashe ke isa kunnensu tun da sauran lokaci?

A matsayina na ɗalibin harshe, nakan auna abin da al'umma ta damu da shi ta hanyar yawan kalmomin da ta tanadar masa. Dubi irin kalmomin da Hausa ta tara a kan gyaran gida kafin damina. Akwai yaɓe, wanda ake sabunta wa katanga da soro duk shekara. Akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa a kwaɓa da ƙasa don kada ruwa ya ratsa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Akwai baibaya ga masu ɗakin shuci, da sauya azarar da gara ta ci, da gyara indararo don ya harba ruwa nesa da gindin bango, da buɗe rariya, da yashe kwata. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi sunan wani aiki ne da ke da lokacinsa a bazara, kuma maigidan da ya bari hadari ya taso bai yi su ba, abin magana ne a unguwa. A yau ka tara ɗalibai ashirin a aji ka tambaye su ma'anar makuba ko laso, da ƙyar biyu su amsa. Kalma takan mutu ne idan aikinta ya mutu. Mun bar ginin ƙasa muna komawa bulo da kwano, abin da ba laifi ba ne, amma mun watsar da al'adar duba gida duk shekara ba tare da mun ƙirƙiro wadda ta dace da sabon ginin ba. Mun ɗauka siminti da kwano ba su buƙatar kulawa.

Alhali kuwa rufin kwano yana da nasa raunin da soron ƙasa ba shi da shi. Soro nauyinsa ke riƙe shi, ruwa ne abokin gabarsa. Kwano kuwa ba shi da nauyi, kuma iskar da ke gudu a bisa kansa ba danna shi take yi ba, tsotso shi take yi sama, kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgi. Idan kuma ƙofa ko taga ta buɗe a ɓangaren da iskar ke bugowa, sai ta cika ɗakin ta riƙa tura rufin daga ciki, ya zama ana ja daga sama ana turi daga ƙasa. Wani abin lura kuma, idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take dukan gini da shi sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa rufin da ya yi shekara goma lafiya lau yake iya tashi gaba ɗayansa, da katakonsa da komai, a yammaci ɗaya. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da muke ɗorawa a kan kwano shaida ce cewa mun san matsalar, sai dai idan iskar ta fi ƙarfinsu, su ne ke zama makamin da zai faɗo wa mutane.

Saboda haka, tun cikin watan Maris ko Afrilu ya kamata maigida ya nemi kafintan da ya san aikinsa, ya hau ya duba masa abubuwa huɗu. Na farko, yadda aka ɗaure katakon rufi a jikin bango: in dai ɗora shi kawai aka yi aka liƙe da ɗan siminti, to a nemo rodi ko langalanga a ɗaure shi da ginin sosai. Na biyu, katakon da gara ko ɗigar ruwa ta cinye, a sauya shi. Na uku, ƙusoshi: waɗanda suka yi tsatsa ko suka saki a cire su, a ƙara yawansu a gefuna da kusurwoyi da ƙololuwa, don nan ne iska ke fara kamawa. Na huɗu, bakin kwanon da ya zarce bango da yawa, a rage shi ko a rufe ƙarƙashinsa. Mai sabon gini kuma ya sani cewa rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, kuma dogon rufin nan mai tsini da ake yayi yanzu don ado, gwargwadon tsayinsa gwargwadon iskar da yake tarewa. Kuɗin duk wannan aiki bai kai kuɗin bandir biyu na kwano ba a mafi yawan gidaje. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana.

Sai kuma batun ruwa. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ke nan gidan da faɗin rufinsa ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 zai zubo daga kansa, wato cikin duro 25. Wannan ruwa dole ya sami hanya, in bai samu ba ya nemi gindin katanga. Yawancin gine-ginen ƙasa da ke rushewa a lokacin marka daga ƙasa suke jiƙa su zube, sau da yawa da tsakar dare mutane na barci. Don haka a ɗaga gindin bango, a yi masa gangara, a buɗe rariya, a yashe lambatu da kwalbati daga leda da yashi, kuma maƙwabta su yi shawara kan inda ruwan kwararonsu zai bi, tunda ruwan da ka kora daga ƙofarka ƙofar wani zai nufa. Ɗakin da bangonsa ya tsage ko ya fara kumbura, a kwashe yara daga cikinsa kafin a sami halin gyara. Ga kuma babbar matsalar da muka jawo wa kanmu: kududdufan da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne matattarar ruwan gari, amma yanzu ana cike su da shara ana yanka filaye a sayar. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Akwai ƙananan abubuwa da su ma bai kamata a manta ba. Itatuwan bedi da turare da muka dasa a ƙofar gida suna ba da inuwa, suna kuma rage ƙarfin iska, amma reshen da ya yi nauyi a kan rufi ko a kan wayar lantarki a sassabe shi tun da wuri. Takardun fili da na gona da shaidar karatu a sa su cikin leda mai kauri a ajiye a wuri mai tsayi, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Hatsin da ke ɗaki a ɗora shi a kan katako. Waɗannan duk ba su buƙatar kwangila ko kwamiti.

To amma fa ko an yi duk wannan, wata rana iska za ta zo da ta fi ƙarfin dabara. A nan ne tambaya ta biyu ke tasowa: wa zai biya? A da amsar ita ce gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kayan ginin, ƙasa da kara da shuci da azara, duk a dajin gari suke, abin da ake buƙata ƙarfin samari ne da tuwon da za su ci. Yau kuwa kwano da siminti da katako da ƙusa duk kuɗi ne, kuma farashinsu ya ninninka tun daga 2023. Ma'aikacin da ya shafe shekara goma sha biyar yana tara gidansa ɗaki-ɗaki ba zai iya sake rufinsa da albashin wata uku ba. Bugu da ƙari, gayya tana da wani rauni da ba a cika lura da shi ba. Tana aiki idan gobara ta ci gida ɗaya, sauran unguwa suka taru a kansa. Amma iska unguwa guda take yi wa ɗauka ɗaya, wanda za ka je wa neman gudummawa shi ma ga nasa kwanon can a gona. Maganin wannan shi ne a faɗaɗa da'irar masu taimakon juna har ta wuce inda iska ɗaya za ta iya kaiwa, ta yadda kuɗin mutumin Legas da na Fatakwal da na Yola za su gyara rufin mutumin Kusada, nasa kuma ya gyara nasu a wata shekarar. Wannan shi ne ainihin abin da ake kira inshora, idan aka cire mata Turanci.

Na san dalilan da suka sa mutanenmu ke gudunta, kuma ba dalilan banza ba ne. Da yawa ba su san inshora ba sai a matsayin wata takarda da ake saya tare da lasisin mota don a nuna a shingen hanya. Wasu sun ji labarin waɗanda suka biya shekara da shekaru, ranar neman diyya aka yi ta yi musu jeka-ka-dawo. Shi ya sa har yau abin da harkar inshora ke samarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin Nijeriya ba. Dalili mafi girma a wajenmu kuwa shi ne na addini, kuma yana da tushe: a 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta. Sai dai wannan fatawa tana da rabi na biyu da ba a cika faɗa mana ba, wato ta halatta inshorar taimakekeniya da aka gina a kan sadaukarwa, har ma ta yi kira ga ƙasashen Musulmi su kafa ta.

Ita ce ake kira takaful, daga tushen Larabci mai ma'anar lamuncewa da ɗaukar nauyin juna. Kamfanin farko na irinta an kafa shi a Sudan a 1979, Maleshiya ta yi mata doka a 1984, a nan gida kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, daga baya aka ba kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Tsarin shi ne, abin da mutum ya biya gudummawa ce ya zuba a asusun mahalarta, kamfani wakili ne mai gudanarwa da ke karɓar ladan aikinsa, ba a juya kuɗin a harkar riba, akwai majalisar malamai da ke sa ido, kuma in shekara ta ƙare da rara akan raba wa mahalarta bisa sharuɗɗan da aka amince. Duk wanda ya san adashe da biki da gudummawa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Masu cewa tanadi ya saɓa wa tawakkali kuwa, malamanmu sun fi ni sanin cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah, kuma Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tanadin shekara bakwai ya tsara wa Masar.

Wani hanzari ba gudu ba. Ko takaful ce ko wadda aka saba, yarjejeniya ce ta kalmomi, kuma a nan ne nake son mai karatu ya buɗe ido. Bahaushe yakan ce ruwa ya ci gidan wane, ya gama magana. Takardar inshora kuwa tana rarrabewa: gobara daban, iska daban, ambaliya daban, rushewar gini don tsufa ko rashin gyara kuma daban, wannan ta ƙarshe ma galibi ba a biyan ta. Inshorar gobara zalla ba ta biyan rufin da iska ta yaye sai an ƙara mata sashen da ya ambaci iska da ambaliya da sunansu. Wannan shi ne ramin da mutanen Katrina suka faɗa. Don haka kafin ka sa hannu ka tambaya a nuna maka layin da ya ce iska, da layin da ya ce ambaliya. Ka tambaya ko katangar gida da kayan ɗaki da farantan sola suna ciki. Ka tambayi adadin da kai za ka fara ɗauka daga aljihunka kafin kamfani ya biya saura. Ka kuma tabbatar kamfanin da wakilinsa suna da rajista da NAICOM, ka karɓi rasit, domin a dokar ƙasar nan in ba a biya kuɗin shiga ba, babu kariya.

Akwai kuma tarkon rage ƙima. Alal misali, gidan da sake gina shi zai ci Naira miliyan 10, mai shi ya rubuta miliyan 5 don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Idan iska ta yi masa ɓarnar miliyan 2, miliyan 1 kacal za a ba shi, tunda rabin gidan ya sa a ciki. Da yadda farashin kaya ke tashi, ƙimar da aka rubuta shekara uku da suka wuce ta riga ta zama rabi, sai a riƙa sabunta ta. Gidan gado da ba a raba ba, magada su zauna su fitar da wanda zai sa hannu a madadinsu tun kafin a shiga. Ɗan haya ya sani inshorar mai gida ba ta shafi kayansa ba. A ɗauki hoton kowane ɗaki da rufin tun yana lafiya, in ɓarna ta auku a sake ɗauka kafin a taɓa komai, a sanar da kamfani nan take, a kuma yi abin da zai hana ɓarnar ƙaruwa. Sannan ba a fafe gora ranar tafiya: a Amurka inshorar ambaliya ta gwamnati sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, kuma kamfanoni kan daina karɓar sababbin mutane da zarar an yi shelar guguwa na tafe.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mafi yawan gidajen Kankiya da Kusada na ƙasa ne, ko rabi ƙasa rabi bulo, kamfanoni kuwa sun fi son ginin siminti, kuma ofisoshinsu suna Kano da Kaduna da Abuja. Talakan Tafashiya ko Mawashi ba zai je can ba, su ma ba za su zo don mutum ɗaya ba. Shawarata ita ce a fara daga abin da muka iya. Kowace unguwa ko ƙungiyar ci gaban gari ta buɗe asusun rufi, da rubutattun ƙa'idoji da amintattu uku masu sa hannu. Gida 200, kowanne Naira 1,000 a wata, ya ba da miliyan 2 da dubu 400 a shekara. Wani kaso a kashe shi a bazara wajen ɗaure rufin marayu da gajiyayyu, wani a ajiye don ƙananan ɓarna, ragowar kuma a shiga da shi takaful a ƙungiyance, domin wanda ya zo da gida 200 a hannu dole a saurare shi, har a yi masa sharuɗɗan da suka dace da ginin ƙasa. Ƙungiyoyin malaman makaranta da na ma'aikatan lafiya da na 'yan kasuwa, waɗanda tuni suke da asusun taimakon juna, su ya fi sauƙi su fara.

Hukuma ma tana da nata kason. Tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga, irin su makarantu da asibitoci da gidajen haya, inshorar rushewa da gobara da iska da ambaliya, kuma sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ba ta janye wannan wajibci ba. Amma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya ratsa ta Yashe da Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya bayan ruwan farko, zai ga azuzuwan da ba su da rufi, wasu har damina ta zagayo. Ƙananan hukumomin biyu za su iya sa a duba rufin kowace firamare da ɗakin shan magani kafin watan Mayu, su hana gini a kan hanyar ruwa, su tara kafintoci da magina a koya musu ɗaurin rufi, su kuma kai hasashen NiMet ga hakimai da dagatai da limaman Juma'a. NAICOM kuma, in da gaske take son inshora ta shiga Arewa, ta wajabta wa kamfanoni su ba da sharuɗɗansu cikin Hausa, da boko da ajami. Ba adalci ba ne a ɗaure mutum da kalmomin da bai iya karantawa ba, kuma sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu suna da waɗanda za su yi wannan fassara yadda ya kamata.

Daga ƙarshe, kirana ga 'yan'uwana 'yan boko ne, mu da ke zaune a Katsina da Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda wayarmu ce ke fara ƙara idan iska ta yi ɓarna a gida. Kuɗin da za mu aika cikin gaggawa a watan Yuli, rubu'insa ya isa ya hana ɓarnar in an aika shi a watan Afrilu. Mu ne muka iya karanta takarda, mu ne kuma ake jin maganarmu a taron ƙungiyar gari. In muka je gida a wannan bazara, mu ɗaga kai mu dubi rufin ɗakin iyayenmu, mu zagaya bayan katanga mu ga inda ruwa ke kwanciya, mu kuma kawo maganar asusun rufi a zauren mai unguwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin iska da ruwa, Ya kuma jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.